Hoton Zuciya da Jijiyoyin Jini: Tambayoyin da Majinyata da Masu Jinya Suka Fi Yi

Da zarar likita ya miƙo takarda ya ce a je a yo hoton zuciya, tambayoyi kusan iri ɗaya ne suke biyo baya, ko a bakin layin karɓar kati ko bayan an koma gida. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Wannan bayani ne na gaba ɗaya. Hukunci a kan kowane majinyaci yana hannun likitan da ya duba shi.

Likita ya ce in yo hoton zuciya. Iri ɗaya ne ko kala-kala?

Kala-kala ne, kuma babu guda ɗaya da yake nuna komai. Ɗauki zuciya kamar injin ban-ruwa a fadama: tana da ƙarfin turi, tana da ƙofofin da ke hana jini komawa baya, tana da wayoyin wuta da ke tada ta, sannan tana da nata siraran bututun da ke kawo mata mai. Kowanne na iya lalacewa shi kaɗai, sauran suna lafiya. Eko, wato sikanin zuciya, yana duba ƙarfin turi da ƙofofi. ECG yana duba wutar. CT da anjiyogram suna duba siraran jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. MRI yana duba naman tsokar kansa. Dofla kuma aikinsa jijiyoyin wuya, ƙafa da ciki.

Don haka kafin ka fita daga ofishin likita, tambaye shi abu ɗaya: me ake nema a wannan hoton? Idan ka san amsar, ba za ka je ka biya kuɗin CT ba alhali eko aka rubuta. Ana yawan ɗauka cewa wanda ya fi tsada shi ya fi gani, kuma ba haka abin yake ba.

An yi mini ECG an ce lafiya lau. Ba shi ne hoton ba?

A'a. ECG ba hoto ba ne, zane ne na wutar da ke sa zuciya bugawa. Ana manna 'yan wayoyi goma a ƙirji, hannuwa da ƙafafu, cikin minti biyar takarda ta fito. Yana kama rikicewar bugu, yana kuma kama bugun zuciya mai kisa, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya, a lokacin da yake faruwa. Amma mutum na iya samun ƙofa mai yoyo ko jijiya da ta fara ƙuntata, ECG ɗinsa ya fito tas. Idan haki ko ciwon ƙirji bai daina ba, koma wurin likita, kada ka riƙe takardar a matsayin shaidar lafiya.

Hoton ƙirji ya nuna zuciyata ta yi girma. Hankalina ya tashi.

Hoton ƙirji inuwa kawai yake nunawa. Idan faɗin inuwar zuciya ya wuce rabin faɗin ƙirji, sai a rubuta cewa ta yi girma. Inuwar ba ta faɗin dalili. Yana iya zama ɗakunan zuciya ne suka buɗe saboda hawan jini na shekara da shekaru. Yana iya zama ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe da zuciya, abin da tarin fuka yake yawan haddasawa a ƙasashenmu. Wani lokaci ma ba komai: an ɗauki hoton mutum yana kwance, ko bai ja numfashi sosai ba, inuwar ta fito da faɗi. Eko ne yake raba gardama.

Yaya ake yin eko? Akwai zafi?

Babu zafi, babu allura, babu azumi. Irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki ne, sai dai a ƙirji. Na'urar tana aika sautin da kunne ba ya ji, ya bugi zuciya ya dawo, kwamfuta ta mai da shi hoto mai motsi. Wani likita ɗan Suwidin, Inge Edler, da masanin kimiyya Hellmuth Hertz ne suka fara gwada shi a birnin Lund a 1953.

Za a ce ka cire riga ka kwanta a kan ɓarin hagu, ka sa hannun hagu a ƙarƙashin kai, domin zuciya ta matso kusa da haƙarƙari. Mai ɗaukar hoton zai shafa wani man sanyi mai yauƙi, ya ɗora kan na'urar a tsakanin haƙarƙari, a ƙasan nono, a kan ciki daidai ƙasan ƙashin ƙirji, wani lokaci har a ramin wuya. Zai ɗan danna, ya ce ka riƙe numfashi, ya ce saki. Can za ka ji ƙarar "fuu-fuu" tana fita daga na'urar, ka ga ja da shuɗi suna walƙiya a allo. Jini ne ke wucewa ta ƙofofi, kuma launin ba ya nufin jini mai kyau da marar kyau, alkiblar da ya dosa kawai yake nunawa. Yawanci minti 20 zuwa 45 an gama.

Hajiya, idan kin fi son mace ta ɗauka, ko a samu nas mace a ɗakin, faɗi tun wajen karɓar rana. Haƙƙinki ne. Ana iya rufe jiki da zane a bar wurin da ake aiki kawai. Kada kunya ta sa ki fasa hoton.

An rubuta EF 35% a sakamakona. Zuciyata ta mutu saura kashi 35 ke nan?

Ba haka ake karanta shi ba. Zuciya mai ƙoshin lafiya ma ba ta juye duk jinin da ke cikinta a bugu ɗaya. EF shi ne kason jinin da babban ɗakin hagu yake turawa a kowane bugu, kuma na mai lafiya yana tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin ɗari. Idan ya sauka zuwa 40 ko ƙasa, turin ya yi rauni. Kashi 35 rauni ne na gaske, amma ba daga 100 aka faɗo ba.

Adadin yana motsi. Da magani a kan lokaci, da rage gishiri, yana iya hawa cikin watanni. Haka kuma masu ɗaukar hoto biyu na iya sabawa da maki biyar a kan zuciya ɗaya, don haka idan jiya an ce 40 yau an ce 37, ba lallai ba ne ciwon ya ƙaru. Akwai kuma masu hawan jini da EF ɗinsu yake 60 amma suna haki, domin bangon zuciyar ya yi kauri ya sandare, ba ya sakewa ya karɓi jini yadda ya kamata.

Matata ta haihu wata biyu, ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai a jingine. Me ya sa aka ce eko?

Malam, kada a kwana da wannan takardar a aljihu. Akwai ciwon raunin tsokar zuciya da yake kama mace a ƙarshen ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka ruwaito shi a kusan haihuwa 1 cikin 100, kuma binciken da aka yi daga baya a Sakkwato da Kano ya sami adadi makamancin haka. Alamominsa su ne haki, tari da dare, kumburin ƙafa da ciki, da kasa kwanciya a miƙe. Matsalar ita ce duk waɗannan ana ɗora su a kan wahalar jego, ko a ce sanyi ne ya shige ta, har sai abu ya yi nisa.

Binciken farko na Zariya ya danganta ciwon da kunun kanwa, wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon wuta. Na baya-bayan nan, musamman wanda Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta a asibitoci da dama na Najeriya, ya fi nuna yatsa ga hawan jinin masu ciki, rama da talauci, wani binciken na Kano kuma ya nuna ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Ko ma mene ne asali, kanwa tana da sinadarin gishiri mai tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar wannan nauyi. Idan eko ya tabbatar da ciwon, a ajiye kanwa, ko da iyaye za su yi ƙorafi.

Eko zai nuna EF (duba amsar da ke sama), ya kuma nuna ko jini ya daskare a cikin zuciya, wanda zai iya tsinkewa ya haifar da shanyewar ɓarin jiki. Za a maimaita hoton bayan wasu watanni. Wannan na biyun shi ne zai nuna ko akwai haɗari a sake ɗaukar ciki. Idan zuciyar ba ta farfaɗo ba, wani cikin na iya zama ajali. Magana ce da ya kamata miji ya zauna a yi da shi a gaban likita.

An ce yarona yana da rami a zuciya. Eko ya isa ya tabbatar?

A mafi yawan lokuta ya isa. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wata tawaya a zuciya, kuma da yawa ƙananan ramuka ne da suke toshewa da kansu yayin da yaro ke girma. Eko yana nuna inda ramin yake, girmansa, da yawan jinin da ke ratsawa. Jaririn da ke gumi da haki wajen shan nono, ko ba ya ƙiba, ko leɓɓansa suna yin shuɗi, yana buƙatar hoton da wuri, kuma gara a samu likitan zuciya na yara.

Akwai wani ciwon daban da ba a haihuwa da shi. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro na ƙwayar cuta ba a ba shi maganin da ya dace ba, bayan makonni gaɓoɓi su kumbura, a hankali ƙofofin zuciya su lalace. Sau da yawa ba a ganewa sai yarinya ta yi aure ta ɗauki cikin fari. Eko yana kama shi tun kafin alamu su bayyana, kuma allurar fenisilin duk bayan mako 3 zuwa 4 tana hana shi ci gaba.

Me ya sa za a zura mini na'ura ta baki bayan an riga an yi eko?

Hanyar abinci tana bi ta bayan zuciya daf da ita, ba haƙarƙari ba huhu a tsakani. Idan ana neman daskararren jini a lungun zuciya, ko ƙwayar cuta a kan ƙofa, ko ana shirin tiyata, hoton ta nan ya fi fita. Za ka yi kamar awa 6 ba ci ba sha, a fesa maganin kashe zafi a maƙogwaro, a ba ka na sa gyangyaɗi. Ka zo da wanda zai mai da kai gida, kada ka tuƙa mota ko babur a ranar.

Mene ne dofla, kuma me ya haɗa ƙafata da zuciya?

Dofla na'ura ɗaya ce da ta eko, sai dai ana ɗora ta a kan jijiyoyi don auna gudun jini. Sunan ya fito daga Christian Doppler, masani ɗan Ostiriya da ya bayyana ƙa'idar a 1842. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, musamman bayan tiyata, haihuwa, doguwar jinya ko doguwar tafiya a zaune, ana neman gudan jini a jijiya mai zurfi. Haɗarinsa shi ne ya tsinke ya bi ta zuciya ya toshe huhu. Kada a yi wa irin wannan ƙafa tausa ko ƙaho kafin a duba.

Mai ciwon suga da gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa, ko wanda sha-raɓarsa ke ciwo idan ya yi tafiya ta lafa idan ya tsaya, ana duba ko jini na isa ƙafar. A wuya kuma ana duba manyan jijiyoyi biyu da ke kai jini ƙwaƙwalwa, musamman ga wanda bakinsa ya taɓa karkacewa ko hannunsa ya mutu na ɗan lokaci ya dawo.

Iyayen masu sikila su riƙe wannan: akwai dofla na kai, da ake ɗora na'urar a gefen goshi kusa da kunne. Ana son a yi wa yaro mai sikila sau ɗaya a shekara daga shekara 2 zuwa 16. Idan gudun jini ya kai santimita 200 a daƙiƙa, yaron yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Binciken da aka yi a asibitocin Kano ya nuna maganin hydroxyurea yana ba da kariya a inda ƙarin jini duk wata yake da wuya.

Eko ya fito lafiya amma ƙirjina na ɗaurewa idan na hau bene. Me ya rage?

Jijiyoyin da ke ciyar da zuciya sirara ne, faɗinsu milimita 3 zuwa 4, kuma eko ba ya ganin cikinsu. Idan kitse ya ƙuntata su, jinin yana isa lokacin hutu, ya gaza lokacin aiki. Hanya biyu ake bi. Ko a sa zuciya aiki, ka yi tafiya a kan na'ura ko a ba ka maganin da ke hanzarta ta, a maimaita ECG ko eko a ga ko wani ɓangare zai gaza. Ko kuma a kalli jijiyoyin kai tsaye da CT. Akwai kuma hoton nukiliya da ke nuna yadda jini ke ratsa tsoka, sai dai cibiyoyin da ke yin sa kaɗan ne a yankinmu.

Babban amfanin CT shi ne kore zargi: idan ya nuna jijiyoyin a buɗe, da wuya a ce toshewa ce ke kawo ciwon. Amma ba kowace na'urar CT ce ke ɗaukar zuciya ba, tun da ita ba ta tsayawa cik. Ana buƙatar mai sauri, wadda ake kira mai yanka 64 ko sama. Tambayi wannan kafin ka biya.

Wane shiri zan yi kafin CT na zuciya?

Ana son bugun zuciya ya sauka zuwa wajen 60 a minti, don hoton kada ya yi dishi-dishi. Saboda haka a bar shayi, kofi, lemon ƙara kuzari da sigari kamar awa 12 kafin lokacin. Goro ma yana ciki. Dattawa kan manta da shi domin ba sa lissafa shi a abin sha. Za a iya ba ka ƙwayar rage gudun zuciya, kuma idan kana da asma ka faɗa kafin ka haɗiya.

Daf da ɗauka ana fesa ko sa wani magani a ƙarƙashin harshe don buɗe jijiyoyi. A nan akwai maganar da maza ke ɓoyewa. Idan ka sha maganin ƙarfin maza cikin kwana biyun da suka wuce, na kemis ne ko na kwalba da ake tallarsa a matsayin na gargajiya, faɗa wa likita a keɓe. Haɗuwar magungunan biyu na iya faɗar da jini ƙasa warwas. Ba wanda zai yi maka wa'azi a ɗakin hoto.

Sauran mai sauƙi ne. Za a sa maka allurar ruwa a hannu, ka kwanta ka miƙa hannuwa sama da kai, gadon ya shiga cikin wani zobe mai faɗi. Murya za ta ce ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙoƙi. Ɗaukar kanta ba ta kai minti ɗaya ba, shirin ne ke cin lokaci.

Ruwan da ake ɗurawa a jijiya fa? Na ji an ce yana kashe ƙoda.

Ruwan na ɗauke da sinadarin ayodin, shi ke sa jini ya haska a hoto. Yayin da yake shiga za ka ji ɗumi ya ratsa jiki, da ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu har su ɗauka fitsari ya kufce musu. Bai kufce ba, kuma cikin minti ɗaya ya wuce. Ƙoda ce ke fitar da shi. Ga mai lafiyayyar ƙoda haɗarin kaɗan ne ƙwarai. Wanda ake taka-tsantsan da shi shi ne mai ciwon ƙoda da ya yi nisa, musamman idan gwajin aikin ƙoda da ake kira eGFR ya yi ƙasa da 30. Shi ya sa ake neman gwajin ƙoda tukuna ga tsofaffi, masu suga da masu hawan jini. Mai shan maganin suga na metformin mai raunin ƙoda ana iya ce masa ya dakatar da shi na awa 48.

Wasu jikinsu na ƙin ruwan: ƙaiƙayi, ƙuraje, a lokuta ƙalilan kuma toshewar numfashi. Yawanci cikin rabin awa na farko yake bayyana, don haka kada ka yi gaggawar tafiya. Idan ya taɓa faruwa da kai, faɗa. Mai shayarwa za ta iya ci gaba da ba da nono. Ana son shan ruwa sosai kafin hoton da bayansa, saboda haka idan ranar ta faɗo cikin azumi kuma ba na gaggawa ba ne, nemi a daidaita maka lokaci.

Tururin hoto ba ya jawo kansa?

Eko, dofla da MRI ba su da shi sam. Hoton ƙirji, CT, anjiyogram da hoton nukiliya suna da shi. Kowa ma yana shan wani kaso daga ƙasa, duwatsu da sararin sama, wajen milisibat 2.4 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin tururin). Hoton ƙirji ɗaya bai wuce na kwana goma ba. CT na jijiyoyin zuciya ya kai na shekara 1 zuwa 3, gwargwadon na'urar, kuma sababbi suna yin ƙasa da haka. Haɗarin hoto guda ƙanƙane ne idan aka gwada shi da haɗarin barin ciwon ba a gano ba. Abin gudu shi ne maimaitawa ba dalili, musamman ga yara, kawai don an canja asibiti an bar tsohon sakamako a gida.

Ina da ciki. Wanne zan iya yi?

Eko, dofla da ECG, a kowane wata. MRI ma ana yi idan da buƙata, amma ba tare da ruwan allurarsa ba. CT kuwa sai idan rai na cikin haɗari, kamar zargin gudan jini a huhu, kuma a irin wannan hali kada ki ƙi. Ko zargin ciki kike yi, faɗa kafin ki hau gado.

Me ya bambanta MRI, kuma me ya sa ake ta tambayar ƙarfe?

MRI ƙaton maganaɗisu ne, kuma a kunne yake dare da rana ko ba a ɗaukar hoto. Yana bambance tsoka mai rai da wadda ta zama tabo, yana nuna kumburin tsoka, har da taruwar sinadarin ƙarfe a zuciyar wanda aka daɗe ana yi wa ƙarin jini. Yakan ɗauki minti 45 zuwa awa ɗaya da rabi a cikin rami mai ƙara, ana ta cewa riƙe numfashi. Mai tsoron matsatsin wuri ya faɗa tun farko.

Duk abin da ke da ƙarfe a bar shi waje: waya, makulli, tsabar kuɗi, 'yan kunne, fil na ɗankwali, laya, guru da kambu. A wanke kwalli, domin wani yana da garin ƙarfe. Abin da ya fi muhimmanci shi ne na cikin jiki: batirin zuciya, ƙarfen tiyata, ɓaraguzan harsashi. Mai walda ko maƙeri da tartsatsin ƙarfe ya taɓa faɗa masa a ido lallai ya faɗa, ko shekara ashirin ke nan. Yawancin ƙarafan zamani da haƙoran roba ko na zinari ba sa hana hoton, amma ma'aikatan ne za su yanke, ba kai ba.

An ce anjiyogram. Tiyata ce?

Ba a yanka ƙirji, ba a kuma sa ka barci. Ana kashe zafi a wuyan hannu ko matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiya har bakin jijiyoyin zuciya, a fesa ruwan ayodin ana kallo a allo. Ba za ka ji tafiyar bututun ba. Wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, a jikinsa ya fara gwada zura bututu zuwa zuciya a 1929, ya kuma sami kyautar Nobel a 1956. Aikin na ɗaukar rabin awa zuwa awa ɗaya. Idan ta matsematsi aka bi, sai ka kwanta a miƙe na wasu awanni. Ta hannu kuwa ɗauri kawai ake sawa. Matsala mai tsanani tana faruwa ga ƙasa da mutum 1 cikin 100.

Fifikonsa a kan CT shi ne idan an ga toshewa, ana iya buɗe ta nan take a sa ƙaramar raga ta ƙarfe da ake kira sitent. Don haka a tattauna kuɗin sitent da yardarka tun kafin ka kwanta, ba lokacin da bututu ke jikinka ba. Maganar ƙoda da ke sama ta shafi wannan ma.

Hoto ya nuna toshewa kashi 70. Dole a sa sitent?

Ba dole ba ne a kowane hali. Idan bugun zuciya mai kisa ne yake faruwa yanzu, buɗe jijiya da gaggawa yana ceton rai. Amma ga wanda ciwonsa ya daidaita, sai ya yi aiki yake ji, manyan bincike sun nuna magani mai kyau, wato na rage kitse, na hawan jini, asfirin da barin sigari, yana kare rai daidai da sitent a wurin mutane da yawa. Sitent ya fi taimakawa wajen rage ciwon idan magani ya gaza. Toshewar babbar jijiyar hagu, ko jijiyoyi uku ga mai ciwon suga, hukuncinsu daban, sau da yawa tiyata ta fi. Wanda aka sa wa sitent kuma zai sha magungunan hana daskarewar jini na watanni 6 zuwa 12 ba fashi. Idan ka san samun maganin zai yi maka wuya, faɗa tun kafin a sa.

Lafiyata ƙalau, amma ina so a duba ni gaba ɗaya. Wanne zan yi?

Gaskiya, awon hawan jini, suga, kitsen jini da ƙoda sun fi maka amfani a kan kowane hoto, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Hoto ba dalili yakan tono 'yan abubuwan da ba za su taɓa cutar da kai ba, su jawo wani hoton da fargaba. Akwai CT marar allura da ke ƙirga allin da ya taru a jijiyoyin zuciya: sifili alama ce mai kyau, 400 zuwa sama haɗari ne babba. Yana taimakon mai shekara 40 zuwa sama da ake shakkar ko ya fara maganin kitse. Wanda kuma ɗan'uwansa na jini ya yanke jiki ya faɗi ya rasu yana matashi, shi ya kamata ya yi ECG da eko.

Yaushe ne ba a jiran ranar hoto?

Ciwon ƙirji mai nauyi da ya wuce minti 15, da gumi, yana sauka hannu ko muƙamuƙi. Haki na farat ɗaya. Suma. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya mutu. Waɗannan sashen gaggawa ake nufa kai tsaye, ba ɗakin hoto na cikin gari ba. Ga ciwon ƙirji, ECG ake so cikin minti 10 da isa. Ga shanyewar jiki, CT na kai ne zai bambance ko jijiya ce ta fashe ko toshewa ta yi, kuma maganin ɗaya guba ne ga ɗayan, don haka kada a ba da asfirin a gida. Allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko. A riƙe lokacin da abin ya fara, likita zai tambaya.

A ina zan yi, kuma me zan riƙe?

Ana samun eko da dofla a asibitocin koyarwa da manyan asibitocin jihohi, irin na Kano, Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Yamai, da cibiyoyi masu zaman kansu. CT na zuciya, MRI na zuciya da anjiyogram sun fi ƙaranci, don haka a yi waya a tabbatar na'urar tana aiki kafin a yi kuɗin mota. Mai inshorar lafiya ya nemi lambar izini tun kafin ranar. A eko, hannun mai ɗauka ya fi sabuntar na'ura muhimmanci, saboda haka tambayi wanda zai karanta ya sa hannu, likitan zuciya ne ko kuwa.

Riƙe takardar likita, tsofaffin hotuna, sakamakon gwajin ƙoda, da duk magungunan da kake sha a cikin kwalayensu, har da na gargajiya. Bayan an gama, karɓi rahoton a rubuce, ka nemi hotunan a faifai idan CT, MRI ko anjiyogram ne, ka kuma ɗauki rahoton a waya. Sakamakon ka mai da shi ga likitan da ya aiko ka, domin shi ya san tambayar da ya yi.